Rijiyar Kawu Sale a Garin Buhu

A Agadas na fara yarda cewa baƙo ko da idanu makaho ne. Kwananmu tara a wani zaure da ake tara matafiya, ni da Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, muna jiran motar da za ta kai mu wurin haƙar zinari. Kullum muka tambaya sai a ce gobe. Kawu ya dube ni ya ce, "Habu, goben garin nan gurguwa ce?" Ni kuwa sai yaƙe, don ni na jawo mana.

Gara in faɗi gaskiya tun da wuri, ni na zuga shi. Mu mutanen Taba ne, can ƙasar Kudan, kuma haƙar rijiya gadon gidan su Kawu ce. Shi ke shiga ciki da dagi, ni ke sama ina jan guga, shekara goma sha ɗaya muna haka. Daga Taba zuwa Hunkuyi har ƙauyukan Makarfi, da wuya ka roƙi ruwa a gida uku ba ka sha na rijiyarsa ba. To sai injin burtsatse ya shigo, yana yi a yini guda abin da muke yi a wata. Rani ya zo ya wuce ba wanda ya yi sallama da mu. Na riƙa jin samari suna labarin arewa, wai a can mai iya rami sarki ne. Na dame shi har ya gaji ya ce to. Matarsa, Inna Kande, ba ta yi dogon zance ba. Cewa ta yi, "Habu, tsoho ne fa. Yadda ka tafi da shi, haka za ka dawo mini da shi." Na ce in Allah ya yarda, da wannan bakin nawa mai saurin alkawari.

Rana ta goma wani direba mai suna Sidi ya shigo zauren. Dogo ne, bakinsa kamar an shafa masa zuma. Ya kama hannun Kawu da hannu biyu yana ta "Baba, Baba", ya ce ya san wani wuri gaba da Dirku inda ake neman mahaƙa ruwa a jallo. Kasuwa na ci kullum, in ji shi, har mai sayar da ƙanƙara akwai. Ƙanƙara fa, a tsakiyar hamada! Da ina da hankali da nan na tsaya. Muka biya shi kuɗin mota, muka hau bayan a-kori-kura, an cusa mu kamar buhunan tattasai, kowa da sanda a tsakanin ƙafafunsa yana riƙo kada ya faɗo.

Kwana uku muka yi a cikin rairayi. Ni da na tashi inda ko ina ka waiga akwai gonar rake ko ɗorawa ko mutum a kan keke, ban taɓa sanin akwai ƙasar da ido zai nemi abin kallo ya rasa ba. Ba tsuntsu, ba ciyawa. A wani wuri muka tsaya injin ya huce, na ga tayoyi guda bakwai a jere an kafa su cikin yashi. Na tambaya, aka ce kaburbura ne. Kawu ya yi musu addu'a, sannan ya tsuguna ya ɗebi yashi ya murza a tafinsa ya shinshina, don halinsa ke nan duk inda ya sauka. Ya kaɗe hannu ya ce, "Ƙasar nan ko labarin ruwa ba ta taɓa ji ba."

A Dirku yawancin mutane suka sauka. Muka rage mu huɗu, ni da Kawu da wasu 'yan'uwa biyu mutanen Maraɗi, wa da ƙane. Wata mata mai sayar da shinkafa ta tambaye mu inda muka nufa. Da na faɗa mata sai ta yi shiru, ta dubi Sidi da ke tsaye nesa kaɗan yana sakace, ta dube mu. Ta shiga rumfarta ta fito da jarka cike da ruwa ta ajiye a gaban Kawu, ta ce, "Baba, ku riƙe wannan." Na zaro kuɗi ta ture hannuna. Har yau ban san sunanta ba, kuma har yau ina jin haushin kaina da ban tambaye ta dalilin shirun nan ba.

Washegari da hantsi Sidi ya tsaya a bakin wani gari ya ce mun iso. Muka hango rumfuna birjik, sun fi na kasuwar Hunkuyi yawa. Na ce ina mutanen? Ya ce ai duk suna ramuka, sai la'asar suke dawowa, mu shiga mu huta, shi zai je ya sauke wani kaya ya dawo. Ya taka mota. Ƙurarsa ce ƙarshen abin da na gani nasa, kuma ban yafe ba.

Muka shiga garin. Duk rumfunan da buhu da tamfol aka yi su, rana ta cinye su, iska ta yayyage su. In iska ta taso sai ka ji faf-faf-faf ta kowane gefe, kamar mutane na tafi a ɓoye. Layi-layi ne, da tituna sosai. Ga teburin mai shayi da bencinsa, kofuna a kife, yashi ya cika su. Ga shagon aski, madubin na rataye, na ga fuskata a ciki na ja da baya. Ga allon masu cajin waya da wayoyin wuta na reto. Ga tukunya a kan murhu da ludayi a ciki. Masallaci ma akwai, an kewaye shi da duwatsu, da takalmi ƙafa ɗaya a bakinsa. Amma ko kare babu, ko akuya. Wallahi ƙuda na nema a garin nan ban gani ba.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne Kawu. Shi mutum ne da ba ya leƙa ko akurki sai da sallama. Sai ya riƙa bi rumfa-rumfa yana tsayawa a bakin kowace, yana "Salamu alaikum, masu gida," ya saurara, sannan ya matsa gaba. Na ce, "Kawu don Allah ka bari, ba kowa." Ya ce, "To in da kowa fa?" Ya yi ta yi, muryarsa na tafiya tana dawowa. A can ƙarshen gari, wajen rumfa ta arba'in, sai muka ji an amsa. Saura kaɗan in zura da gudu.

Wani tsohon Buzu ne ya fito, siriri, ya naɗe fuska sai idanu. Sunansa Agali. Ya zaunar da mu a inuwa, ya hura gawayi ya dafa mana shayi kafin ya tambaye mu ko su wane ne. Da ya ji sunan Sidi sai ya girgiza kai. Ya ce Garin Buhu ake kiran wurin, kuma ya kusa shekara da zama kufai. Zinarin ya janye, aka ji labarin wani wuri, cikin mako guda kowa ya kwashe. Shi an bar shi gadin wani injin niƙa dutse ne, mai injin na aiko mota duk wata da ruwa da abinci. "Ku ne na uku da ya zubar mini a nan," in ji shi. "Waɗancan sun taki sa'a, mota na kusa. Wannan karon ta makara." Ya kai mu ya buɗe duronsa. Ruwan bai kai rabi ba.

Ranar na zagi Sidi, na zagi motarsa, na zagi wanda ya koya masa tuƙi. Kawu ya bar ni sai da na gaji, ya ce, "Ka gama? To yawun da ka zubar, da ka adana shi."

Mutanen Maraɗin nan kwana biyu suka iya. Suka ce za su bi sawun taya su koma Dirku da ƙafa. Baba Agali ya roƙe su, ya ce sawun taya a nan ba ya kwana. Suka ƙi. Ya cika musu goruna, muka raka su bakin gari, muna kallonsu har suka zama ɗigo biyu. Ban sake jin ɗuriyarsu ba, na kuwa tambaya a Dirku daga baya.

Muka rage mu uku da duro ɗaya, don jarkar matar nan ta riga ta ƙare. Baba Agali ya yanka mana ƙa'ida, kofi uku kowa a yini, alwala kuwa sai taimama. Kullum da safe ya zura kara a duron ya duba, ba ya faɗa mana abin da ya gani, mu ma ba ma tambaya. Kewar gida ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ba matata ko 'ya'yana kaɗai ba, har randar zauren gidanmu nake tunawa, da moɗar da ke kanta, da yadda nake watsar da ragowar ruwa a ƙasa ba tare da na ko duba ba.

Kawu dai ba ya iya zama. Ya ce mahaƙin rijiya ya mutu da ƙishirwa, ai ko a lahira sai an yi masa dariya. Ya riƙa zagaya bayan gari yana duban ƙasa. Rana ta huɗu ya dawo da saurinsa, ya ja ni zuwa wata busasshiyar ƙorama. A gefenta ga tumfafiya guda ɗaya, ganyenta kore shar. Ya ce, "Wannan ba iska take sha ba." Da yamma ya share wuri ya kifa tasa, ya danne bakinta da yashi. Da safe ya buɗe, ya shafa cikinta da yatsa ya nuna mini. Tasar ta yi gumi.

Baba Agali ya zo ya tsaya a kanmu. Ya ce, "Malam Sale, ruwa akwai, ban musa ba. Amma ruwan ƙasar nan zartsi ne. Raƙumi ma yana shinshinawa ya juya."

Kawu ya yi murmushin nan nasa na wanda aka taɓa wa sana'a. Ya ce, "Malam Agali, kai ka san raƙumi, ni na san rijiya. Shekara arba'in ina wannan aiki. Ba rijiyar da ke fara ba da ruwa mai daɗi. Sai an kwalfe ta, an sake kwalfewa, sannan idonta ya wanke."

Gaskiya ya faɗa, a ƙasarmu. Na gani da idona ba sau ɗaya ba, rijiya ta fara da ruwa mai ɗanɗanon laka, bayan kwana uku ya koma garau. Shi ya sa ban hana shi ba. Kai, ba hanawa kaɗai ba, har taya shi na yi, na ce wa Baba Agali ya zuba ido ya ga aikin Zazzagawa.

Kayan aiki ba su yi wuya ba, garin cike yake da diga da shebur da igiya da masu su suka watsar. Muka fara. Da sassafe zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Na ce ya bari ni in shiga, ya ce, "Kai ja guga aka sani da kai, kar ka rusa mana rami a ka." A kwanakin nan Kawu ya koma yaro. Yana ciki yana 'yar waƙarsa ta aiki, yana tsokanata wai guga na tafiya kamar amarya. Garin ma ya rage ban tsoro, don akwai ƙarar dagi a cikinsa. Rana ta biyar da fara haƙa, a zurfin gaba uku da rabi, ƙasar da nake jawowa ta fara nauyi. Na damƙa na ji ta dunƙule a hannuna. Can na ji shi daga ƙasa, "Habu! Allahu akbar! Ya tsattsafo!"

A gidan su Kawu akwai al'ada. Ba wanda ke shan ruwan sabuwar rijiya sai wanda ya haƙa ta ya fara sha, tafi uku, yana can ciki. Ma'anarta in da cuta a ruwan, ta tsaya a kansa, kada ta kai ga masu gida. Na leƙa ina kallonsa. Ya yi bisimilla ya kamfata ya kai baki. Na ga kafaɗunsa sun ɗaga. Ya ɗan tsaya, sannan ya haɗiye, ya ƙara na biyu, ya ƙara na uku.

Na ce, "Yaya, Kawu?"

Ya ce, "Da saura. Jawo guga mu kwalfe."

Da gugan ya iso sama na tsoma yatsa na lasa. Tir! Gishiri da kanwa da ɗaci, har da wani ƙarni kamar tsatsa. Na tofar. Baba Agali bai ce ai na faɗa ba, Allah ya saka masa. Juyawa kawai ya yi ya koma rumfa.

Kwana uku muna kwalfewa. Duk sanda ruwan ya taru muka kwashe, Kawu sai ya sake shan tafi uku ya ji ko ya gyaru. Safe da yamma. Na ce ya riƙa tofarwa mana, ya ce harshe na ƙarya, maƙogwaro ne ke faɗin gaskiyar ruwa. Kuma sai ya fara barin kofinsa na duro. In Baba Agali ya miƙa masa sai ya ce ya sha a ƙasa, a ba Habu, shi ke jan nauyi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na karɓa na shanye. Ƙishirwa ba ta da kunya, kuma na gaya wa kaina ai ya san abin da yake yi. Ko ya yarda da gaske ruwan zai gyaru, ko kofin yake so ya bar mini, ban sani ba. Na juya abin nan a raina ya fi sau dubu.

Rana ta uku da yamma ya kasa hawowa. Da igiya muka jawo shi, ni da Baba Agali. Gudawa ta kama shi, irin wadda ba ta tsayawa. Kafin azahar ta washegari idanunsa sun faɗa, fatarsa in ka ja sai ta tsaya. Baba Agali ya karya ƙa'idarsa, ya riƙa dama sukari da ɗan gishiri a ruwan duro yana ba shi da cokali. Abin da ya shiga sai ya fita. Na fita bakin gari na tsaya ina duban hanya, na yi ta kiran mota kamar mahaukaci, rumfunan nan na ta yi mini tafi.

Da na dawo ya buɗe ido ya ce, "Habu, ka ɗanɗana na yau?"

Na ce na ɗanɗana.

"Ya gyaru?"

Na so in yi masa ƙarya. Wallahi na so. Amma shekara goma sha ɗaya ban taɓa yi masa ƙarya a bakin rijiya ba. Na ce, "Bai gyaru ba, Kawu."

Can ya ce, "To Buzu ya fi ni gaskiya. Ka rufe bakinta da kyau, kada wani ya zo da ƙishirwa ya sha." Bayan la'asar ya cika, kansa a cinyata, yana kalmar shahada.

Na zauna ban san abin da zan yi ba. Baba Agali ya dafa ni ya ce, "Tashi, ɗana, a yi masa sutura." Ya ce a garin nan, tun ma yana cike, duk wanda ya mutu taimama ake yi masa, don ba mai ba da ruwan sha a wanke gawa. Shi da hannunsa ya binne mutum sama da goma, ba ko ɗaya da ruwa ya taɓa. Yana faɗa yana share yashi zai buga tafinsa. Sai ya tsaya, hannunsa a sama. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Ruwan zartsi ba ya shayuwa, amma yana tsarki."

Na ɗauki guga na tafi. Rijiyar ta tara ruwa fiye da kullum, don yini guda ba a taɓa ta ba. Na jawo guga bakwai, ina ja ina kuka, ba mai cewa in yi sauri daga ƙasa. Muka yi masa wanka cikakke, sau uku, ba tsimi ba awo. Baba Agali ya buɗe jakarsa ya fito da wani farin rawani sabo da ya ce ya ajiye wa kansa ne, muka yi likkafani da shi. Ya shige gaba, na tsaya a bayansa, mu biyu muka sallace shi. Na haƙa masa kabari kusa da tumfafiyar nan. Shi ne rami na farko da na haƙa da hannuna daga sama har ƙasa. Sannan na jawo kwanon rufi da duwatsu na rufe bakin rijiyar.

Motar mai injin ta iso bayan kwana biyu. Kwana biyu kacal. Direban ya ce taya ce ta ɓata musu lokaci. Na roƙi Baba Agali ya biyo mu, ya ce amanar inji aka ba shi. Na bar shi tsaye a bakin garin, hannu ɗaya a sama.

Sai da na yi wata biyu ina dako a Agadas kafin in iya kama hanyar gida, kuma ban yi waya ba, don ban san da wane baki zan faɗa ba. Na sauka a Hunkuyi ranar kasuwa, na ƙi hawa mashin, na taka da ƙafa har Taba don hanyar ta yi tsawo. Na tarar da Inna Kande a tsakar gida tana sussukar dawa. Ta ɗago ta gan ni, ta dubi bayana, ta ga jakar Kawu a kafaɗata. Ta ajiye taɓarya a hankali ta zauna a kan turmi.

Na durƙusa. Na shirya ta zage ni, ta tsine mini, da ma hakan zai fi mini sauƙi. Ta daɗe tana salati. Sannan ta ce, "An ce a can yashi kawai ake tura wa mutum. Habu, kar ka ɓoye mini. An yi masa wanka?"

Na ce, "An yi masa, Inna. Da ruwa, guga bakwai."

Ta ce, "A ina kuka samu ruwa a wannan ƙasa?"

Na ce, "Shi ya haƙa."